Jirgin ƙasa a cikin garkar dabino

Duk abin da ake ci ko ake sawa a Dirku, in ban da dabino da kanwa da gishirin Bilma, bisa taya ya zo ko a bayan raƙumi. Buhun hatsi daga kudu, katan ɗin taliya daga Libiya, siminti, sukari, ganyen shayi, har allin lakkol, kowanne sai da ya ratsa rairayi kafin ya iso. Daga Agadas zuwa Dirku tafiyar kilomita wajen 650 ce, babu kwalta, sai sawun waɗanda suka riga ka wucewa, shi ma in iska ta bar shi. Ɗan kasuwan da ya taɓa zaman jiran kaya a Kawar ya san abin da wannan nisa ke ƙarawa bisa kuɗin tiya. Ma'aikacin da aka taɓa turowa nan shi ma ya sani, domin albashinsa ne ke biya. To, a wannan gari ne wani dattijon makanike ya ƙudura a ransa sai ya ƙera jirgin ƙasa.

Mutumin ɗan ƙasar Damagaram ne. Yana saurayi ya yi karen mota a kamiyoyin da ke ɗauko kayan Nijar daga Paraku, inda layin dogon da ya taso daga Kwatano ya tsaya tun 1936, bayan kilomita 438. A can ne ya fara ganin kan jirgi. Yakan bar maigidansa wajen masu takardun kaya, ya je ya tsuguna a bakin dogo yana kallon yadda inji guda ke jan abin da kamiyo ashirin za su raba, ba gaggawa, ba taya mai fashewa. Daga baya rabo ya kai shi arewa, ya buɗe garaji a Dirku zamanin da manyan Mercedes ke kai da komo tsakanin Agadas da Sabha, ya yi aure, ya sayi ƴar garka mai rijiya da dabino goma sha. Shekaru suka tura, Paraku ta koma labarin da ake ba yara da dare.

Sai kasuwa ta mutu. Dokar da aka kafa a watan Mayu na 2015 don hana safarar baƙin haure ta soma cizo a 2016, motocin da ke cika gari suka ragu, a 2017 kuma gwamnati ta rufe wurin haƙar zinariya na Jado. An soke waccan doka a watan Nuwamba na 2023, amma a tsakanin nan garaji da yawa sun ga ranakun da ba a kunna injin walda ko sau ɗaya. Yaran dattijon huɗu, uku suka tafi neman abinci wani wuri, ya rage saura ɗaya, wani ɗan Barebari mai shiru-shiru. A cikin wannan zaman banza ne, da sanyin 2018, jikarsa ƴar shekara tara ta komo daga lakkol da littafi a hannu, ta nuna masa hoton jirgin ƙasa.

Ta ce, "Kaka, Mushe ya ce wannan abu ba shi da sitiyari. To, wa ke juya shi in ya zo kwana?"

Ya ce, "Amarya, hanyar ce ke juya shi."

Ta yi dariya ta ce tsufa ya soma taɓa angonta, ina aka taɓa ganin hanya ta tuƙa mota. Ya yi bayani da baki, ya zana a ƙasa, yarinya ba ta gamsu ba. Gani ya kori ji. Daren nan ya kasa barci.

Turawa sun daɗe da irin wannan wasa na shimfiɗa ƙaramin dogo a lambun gida. A 1968 wani kamfanin Jamus da ke Nuremberg ya fito da jiragen da ake kira LGB, masu tafiya bisa dogo mai faɗin milimita 45, an rage girman komai sau 22 da rabi. In aka buga lissafin, wannan faɗi kwaikwayon dogo mai faɗin mita ɗaya ne, irin na Kwatano zuwa Paraku. Amma mai sha'awa a can kanti yake zuwa ya sayo kan jirgi da dogo a cikin kwali. Makaniken Dirku ba shi da kanti sai tarin matattun motoci a bayan garaji, ba shi da takardar zane sai abin da ido ya riƙe shekaru arba'in. Saboda haka ya zaɓi lissafin da ba ya wahalar da kowa: a raba komai da goma. Dogo mai mita ɗaya ya zama santimita goma. Kan jirgin ya tashi mita ɗaya da ƴan kai.

Ya san yadda na gaskiya ke aiki, domin ya sha tambayar masu gyaransa. Injin mai shan gazuwal ba shi ke juya ƙafafu kai tsaye ba. Janareto yake juyawa, wutar ta bi waya zuwa ga wasu motoci na lantarki da ke maƙale a sandunan ƙafafu, su ne ke tafiyar da jirgi. Shi ya sa babu kulaci, babu canjin giya irin na kamiyo. Injin gazuwal da zai shiga cikin akwatin da bai wuce faɗin tafin hannu biyu ba kuwa, babu shi a duk Kawar. Sai dattijon ya ajiye batirin babur mai bolt 12 a gurbin inji da janareto, ya ce rabin gaskiya ya fi ƙarya duka. Wajen abin da zai juya ƙafafu, ya ciro motar da ke kaɗa magogin gilashi daga wata Hilux da ta kife. Wannan ƴar mota tana da haƙoran rage gudu a cikinta, ba ta da sauri amma tana da ƙarfi, in an yanke wuta kuma nan take take tsayawa, in an juya wayoyi ta koma da baya. A ƙasar da ruwan sama ke shekara bai sauka ba, magogin gilashi ya sami aikin yi.

Ƙafafun ne suka fi ba shi wuya. Ƙafar jirgi tana da leɓe ta ciki wanda ke hana ta sauka daga dogo, fuskarta kuma ba a miƙe take ba, tana da ɗan gangare, ta fi kauri kusa da leɓen. Wannan gangaren shi ne amsar tambayar yarinya. In jirgi ya shiga kwana, ƙafar waje takan hau wajen kaurinta, ta ciki ta koma wajen sirantarta, sai ta waje ta ci ƙasa fiye da ta ciki a juyi ɗaya, jirgi ya karkata da kansa. Irin wannan aiki sai injin sassaƙar ƙarfe, shi kuwa ba shi da shi. Ya zana ƙafa a bayan kwalin shayi, faɗinta santimita tara, ya ba wani direba ya kai wa masu injin a Agadas. Sai da aka yi mako biyar ƙafafu takwas suka iso cikin tsumma. Ya jera su huɗu gaba huɗu baya, irin tsarin da Faransawa ke kira BB, ya haɗa su da motar ta hanyar sarƙar babur. Ya yi lissafi: ƙafar na cin santimita 28 a juyi guda, motar na juyi kamar sittin a minti, wato mita 17 a minti. Ya ga tafiyar ta yi kama da ta hawainiya, ya canza haƙoran sarƙa ya ninka ta biyu.

Gangar jikin daga ƙofar wata mota ya yanko ta. Ya huda tagogi, ya yi ɗakin direba, ya tsaga wuraren shan iska da kurfi ɗaya bayan ɗaya, ya sa fitilar tocila a goshi, ya saƙala ƙahon babur. Wata uku yana wannan ado. Maƙwabta suka soma magana. Wasu suka ce dattijo ya koma yin motar gwangwani irin ta yara, wasu suka ce rashin ciniki ne ya taɓa shi. Uwargidansa ba ta ce komai ba sai ran da ya aika a sayo sandunan ƙarfe goma sha huɗu masu mita shida-shida daga Agadas, kuɗin ɗauko su ya kusa kamo kuɗin sayensu.

Ta ce, "Malam, akuyar da aka sayar ta azumi ce."

Ya ce, "Na sani. Ki yi mani haƙuri."

Dogon kuwa kwana biyu kacal ya ba shi. Ya yanyanka katakon akwatunan kaya, ya jera bisa rairayi, ya ɗora ƙarfe, ya auna faɗi da ido, ya haɗa sandunan da walda baki da baki har suka zama zobe guda mai mita 40, daga rijiya ya kewaye dabino ya komo. Duk hankalinsa na ga fenti.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya gayyaci mutane. Mushen lakkol ya zo da yaransa, wani ma'aikacin duwan ya zo, ƴan kasuwa biyu-uku suka zo don su sami abin faɗi. Aka shimfiɗa tabarmi, aka ɗora shayi. Kan jirgin ya fito yana ƙyalli, yara suka yi shewa. Dattijo ya yi bisimilla ya murɗa makunni. Ƙafafu suka yi ta juyawa a wuri ɗaya, tarago biyun da aka loda wa dabino suka ƙi motsi. Aka cire tarago guda, jirgi ya tashi, ya yi mita bakwai ko takwas, ya iso kwanar farko, ya sauka daga dogo ya kifa cikin rairayi, ƙahonsa na kuka. Aka mayar da shi, ya sake faɗuwa a wuri na biyu inda zafin rana ya lanƙwasa ƙarfen kamar maciji. Manya suka danne dariya don kunya, yara ba su danne ba. Ɗaya daga cikin ƴan kasuwar ya ce, "Maigida, ai ka kyauta, ko na Yamai iyakarsa ke nan." Jikar ta tsaya gefe, ta ƙi duban kowa.

Maganar ɗan kasuwar ba'a ce, amma tana da tushe, kuma mai karatu ya san tushen. Mafarkin jirgin ƙasa a wannan yanki ya girmi kowa da ke raye. Tun 1881 Faransa ta rasa Kanar Flatters da mafi yawan mutanensa a ƙasar Ahaggar, sun fito neman hanyar da dogo zai bi ya ratsa Sahara. A 1941 gwamnatin Vichy ta ba da umarnin shimfiɗa layi daga bakin Bahar Rum zuwa kogin Isa, aka yi aikin da guminsu fursunoni, layin ya kai Abadla ta Aljeriya a 1948, ya tsaya nan. Ta kudu, dogon Ingilishi ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaurar Namoda a 1929 da Nguru a 1930, duka biyun ya tsaya kafin iyaka. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahomey da Nijar don kula da layin Kwatano, wadda daga baya ta zama OCBN, Nijar ta shekara hamsin da ɗoriya tana da hannu a jirgin da bai taɓa taka ƙasarta ba. A watan Afrilu na 2014 aka yi bikin buɗe tashar jirgi a Yamai gaban shugabannin Nijar da Benin da Togo, a watan Janairu na 2016 aka ƙaddamar da layin Yamai zuwa Doso mai kilomita wajen 140, wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa. An ga kan jirgi, an ji ƙaho, an ɗauki hoto. Amma shari'a ta tashi a Benin kan wanda ke da haƙƙin aikin, kotunan can suka ba kamfanin Petrolin na Samuel Dossou gaskiya a 2015 da 2017, layin bai haɗu da Paraku ba, bai kuwa zama hanyar fatauci ba.

Dattijon bai karanta wannan tarihi a littafi ba, amma da daren Juma'ar nan ya fahimci abin da ke cikinsa. Wata uku ya ba abin da ido ke gani, kwana biyu ya ba abin da ke ɗauke da shi. Shi da bakinsa ya gaya wa yarinya hanya ce ke tuƙa jirgi, sa'an nan ya manta. Da asuba ya tashi yaronsa.

Yaron ya ce, "Maigida, a gyara kan jirgin?"

Ya ce, "Kan jirgi lafiyarsa lau. Ɗauko zarto, dogon za mu kwance."

Wannan karon wata huɗu suka yi. Suka share rairayin sama, suka kwaso laka da tsakuwa daga gindin tsaunin Kawar bisa amalanke, suka daddaɓe, suka bi da ma'aunin ruwa irin na magina taki bayan taki. Suka sake jera katako wajen 270, tsakanin kowane biyu santimita 15. Dattijo ya sassaƙa wani ɗan itace mai tsaga biyu, tsakaninsu santimita goma cif, ya ce wannan shi ne alƙali, ba a buga ƙusa sai an ɗora shi. Suka faɗaɗa kwanoni, suka ɗan ɗaga ƙarfen waje. Suka yanke duk waldar da ta haɗa sanduna, domin ƙarfe na miƙewa da zafi: sanda mai mita shida takan ƙaru da kusan milimita uku in zafinta ya hau da digiri 40, a Dirku kuwa tsakanin sanyin asuba da ƙarfen da ya sha rana abin ya kan kai haka. Suka bar ƴar kafa a kowace mahaɗa, suka ɗaure da faranti da noti. Ƙarar da ya riƙa ji a Paraku, ƙwas-ƙwas a ƙarƙashin tarago, sai yanzu ya gane dalilinta.

Abu guda kawai aka taɓa a kan jirgin. Ƙarfe bisa ƙarfe ba ya kamu sosai, kan jirgi ba ya iya jan abin da ya wuce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin da ke bisa ƙafafunsa kafin su soma sulɓi. Nasa ya cika sauƙi. Ya cusa masa guntayen sifirin kamiyo a ciki har ya yi nauyin da yaro ba ya ɗaga shi. Wannan santsi da ya kunyata shi kuwa shi ne dukan ribar jirgin ƙasa, domin abin da ke sa ƙafa sulɓi shi ke sa tarago mai kaya ya gangara da ɗan ƙarfi kaɗan, alhali kamiyo a cikin Tenere rabin gazuwal ɗinsa wajen kokawa da rairayi yake tafiya. Abin dariya, manyan kawunan jirgi har akwatin rairayi gare su, suna zuba shi gaban ƙafa in sun zo hawa. Dattijo ya ce wannan kaya dai Dirku ba ta buƙatar a kawo mata shi daga waje.

Bai sake gayyatar kowa ba. Wata safiya, shi da yaronsa da jikarsa, aka ɗora bokitin ruwa a taragon farko, kwandon dabino a na biyu. Jirgi ya tashi daga bakin rijiya, ya shiga kwanar farko. Yarinya ta kwanta rub da ciki, kuncinta a ƙasa, tana kallon ƙafafu. Ya kewayo ya tsaya inda ya taso, ruwa bai zube ba.

Ta tashi tana kakkaɓe zane, ta ce, "Ango, ashe da gaskiyarka."

Ya ce, "To, sai ki biya sadakin da kika hana ni."

Labari ya kai lakkol, Mushe ya sake zuwa da yaransa, wannan karon da ma'auni da allo, aka yi darasin kewayen da'ira a gindin dabino. Ɗan kasuwan da ya yi ba'a shi ma ya zo, ya daɗe tsugune, ya tambayi nawa aka kashe. Yaron garaji kuwa, wanda dā ake tsammanin shi ma zai bi ƴan uwansa, ya zauna, ya koyi abin da gyaran mota bai koya masa ba, wato aunawa kafin yankewa.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Dare ɗaya na iskar hunturu ya isa ya binne mita 40 ɗin nan har ba a ganin ƙarfe. Ran da aka yi sakaci, jirgi ba ya fita. Aka yanka doka a gidan: duk yaron da ke son ya murɗa makunni, sai ya fara ɗaukar tsintsiya ya kewaye zoben, ya bi da ɗan itacen nan mai tsaga biyu. Waɗanda suka zo don ƙaho da fitila suka gaji cikin mako guda. Waɗanda suka jure ba su fi biyar ba, jikar ce shugabarsu. Haka abin yake ga manya. Muritaniya na da layi mai kilomita 704 daga Zuwerat zuwa Nuwadibu tun 1963, cikin hamadar da ba ta fi Tenere tausayi ba, jiragensa masu tsawon fiye da kilomita biyu na kai tama bakin teku. Abin da ya riƙe shi bai wuce abu biyu ba: akwai kayan da ke biyan kuɗin hanya, akwai kuma mutanen da aikinsu kullum shi ne kwashe rairayi da duba ƙarfe.

A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita wajen 284. Faɗinsa milimita 1,435 ne, na Doso mita ɗaya, tsohon layin Kano kuwa milimita 1,067. Taragon ɗayansu ba ya hawa ɗaya. Wanda ya taɓa ganin abin da ƴan milimita suka yi wa jirgin garka a gaban baƙi ba zai ɗauki wannan ƙaramar magana ba. Saboda haka ɗan kasuwan da aka gaya wa jirgi na zuwa, da ma'aikacin da za a miƙa wa takardar ya sa hannu, suna da tambayoyin da suka fi launin kan jirgi da ranar biki: ina layin zai haɗu da wani, da wane faɗi, wane kaya zai ɗauka zuwa da komowa, wa zai riƙe tsintsiya bayan baƙi sun watse, kuma daga wace jaka za a biya shi.

Dattijon ya manyanta, idonsa ya rage, yaron nan ne ke riƙe da garaji. An canza batiri sau uku, fenti ya koɗe, ƙahon ya daina kuka. Dogon yana nan daram, domin ana share shi. Jikar ta wuce kolej, in ta zo hutu takan karɓi tsintsiya daga hannun ƙannenta ta nuna masu inda suka tsallake. Uwargida ta sami akuyarta tun shekarar da kasuwa ta ɗan farfaɗo, amma har yau in jirgi ya wuce ta da bokiti takan ce ga naman azuminta can yana yawo.

Allah ya ba ƙasar nan masu haƙurin shimfiɗa hanya, ya ba ta masu share ta. Amin.